Kayan Ɗakin Uwar Sarki Hetefheres ta Masar: Sharhi a kan Jigo da Salo

Gabatarwa

Mun saba a wannan mujalla idan aka ce sharhi, to, waƙa za a ɗauko, ko wasan kwaikwayo, ko wani ƙagaggen labari, a feɗe shi, a dubi jigonsa da salonsa da zubinsa. A wannan karo ina roƙon arzikin masu karatu su bar ni in ɗauko gado da kujeru da akwatuna, in yi musu irin tambayoyin da muke yi wa waƙa. Dalilina kuwa shi ne, duk abin da ɗan Adam ya zauna ya tsara da gangan, ya zaɓi wannan ya bar wancan, akwai abin da yake son faɗa, akwai kuma hanyar da ya bi ya faɗe shi. Masassaƙi da maƙeri ba su fita daga wannan hukunci ba.

Kayan da za mu duba na wata mata ce mai suna Hetefheres, wadda ta rayu a Masar wajen shekara ta 2600 kafin Miladiyya, zamanin gidan sarauta na huɗu. Ita ce mahaifiyar Sarki Khufu, mai babbar dalar Giza, kuma masana sun fi karkata ga cewa matar Sarki Sineferu ce. Littattafan Turawa suna kiranta sarauniya. A Hausa kuwa idan aka ce sarauniya, hankali yakan tafi ga macen da ta hau gadon mulki da kanta, kamar Daurama ko Amina ta Zazzau. Matsayin Hetefheres ya fi kusa da na Mai Babban Ɗaki a fadar Kano, saboda haka uwar sarki zan riƙa kiranta.

Abu uku nake son in nuna. Na farko, kayan nan suna da jigo guda ɗaya bayyananne. Na biyu, yabon da aka daɗe ana yi musu na sauƙin ado gaskiya ne, amma rabin gaskiyar ke nan. Na uku, labarin da aka lulluɓe su da shi tun da aka tono su ya cancanci a yi masa sharhi kamar kowane ƙagaggen labari.

Yadda Aka Gano Kayan

A watan Fabrairu na 1925 wata ƙungiyar masu tonon kayan tarihi ta Jami'ar Harvard da Gidan Adana Kayan Fasaha na Boston tana aiki a gabas da dalar Khufu. Shugabanta, George Reisner, yana Amurka a lokacin. Mai ɗaukar hoton ƙungiyar, wani Bamasare mai suna Mohammedani Ibrahim, shi ne ya lura da wani shafen farar ƙasa a kan dutse a inda yake ƙoƙarin kafa ƙafafun kyamararsa. Da aka kankare shafen sai ga matakala, ƙarƙashinta kuma ga rami miƙaƙƙe kamar rijiya, mai zurfin kimanin mita 27, an cike shi da duwatsu tun daga ƙasa har sama. A watan Maris aka kai ga ɗakin da ke can ƙarshen ramin.

Ɗakin ƙarami ne, tsawonsa mita 5 da 'yan kai, bangonsa ma ba a gama fere shi ba. A gefe guda ga akwatin gawa na farin dutsen alabasta, an jibga sanduna masu rufin zinariya a kansa. Sauran filin kuwa tarkace ne: fallayen zinariya, da gutsattsarin tangaran masu launi, da tukwane, da kayan jan ƙarfe, wani kan wani. Katakon da ya riƙe su ya riga ya ruɓe ko ya ƙanƙance, sai zinariyar da aka lulluɓe shi da ita ta rage, kamar riga babu mai ita.

Reisner ya ba da umarni a rufe ɗakin har ya dawo. A 1926 aka fara kwashe kayan, shi da mataimakansa, cikinsu har da Dows Dunham. Ba su ɗaga ko ƙwaya ɗaya ba sai sun zana inda take, sun ɗauki hotonta, sun ba ta lamba. Sun ɗauki hotuna fiye da 1,000 a wannan ɗan ɗaki. Ran 3 ga Maris 1927 aka ɗaga murfin akwatin gawar a gaban manyan baƙi, sai aka tarar babu kowa a ciki. Bayan wannan aka buɗe wata ma'ajiya da aka toshe a jikin bango, aka sami wani ƙaramin akwati na alabasta mai gida huɗu, da ragowar kayan cikin mamaciyar a ƙunshe, wasu a jiƙe cikin ruwan kanwa. Ga kayan ciki, ga kayan ɗaki, mai ɗakin ce babu.

Zubi da Tsari

Babba daga cikin kayan ita ce rumfar gado. Tsawonta kimanin mita 3.2, faɗi 2.5, tsayi 2.2. Ƙirar ɗaki ce sosai, da ginshiƙai a kusurwoyi, da sanduna sirara 10 a gefuna uku, da waɗansu a sama a matsayin azara, gaban kuma a buɗe. An jera ƙugiyoyin jan ƙarfe a sama inda ake rataya labule. Kowace mahaɗa an fere bakin wannan katako ya shiga ramin wancan, sa'an nan aka yi wa bakin da ramin sutura da jan ƙarfe don kada su cinye da yawan sawa da cirewa. Wannan kaɗai ya isa shaida cewa rumfar ta tafiya ce, a warware ta a nan, a kafa ta a can. A jikin ginshiƙan ƙofa an buga sunayen Sarki Sineferu a kan zinariyar. Tare da ita akwai wani dogon akwati mai ado, shi ma da sunan Sineferu, wanda ake jin na ajiye labulen ne.

Shi kuwa gadon tsawonsa kimanin mita 1.77. Ƙafafunsa na zaki ne, duk huɗun suna fuskantar gaba kamar dabbar tana tafiya. Wajen kai ya fi wajen ƙafa tudu, don haka allon da muka saba gani a kan gado, a nan wajen ƙafa aka sa shi, ya tare mai barci kada ya zame. Maimakon matashin auduga, matashin katako ne mai rufin zinariya da azurfa.

Sai kujeru biyu masu hannu. Ta farko ƙasa-ƙasa take, mai faɗi, ƙafafunta na zaki, kuma a ƙarƙashin kowane hannu an sassaƙa tsiron fafirus guda uku, watau wannan dangin iwa da ke fitowa a bakin kogin Nilu, an ɗaure su wuri ɗaya a tsakiya. Ta biyun zan dawo kanta nan gaba. Sai kujerar ɗauka, wadda ake zaunar da uwar sarki a ciki, gwiwoyinta a naɗe, maza su saɓa sandunan a kafaɗa. Bakin kowace sanda an yi masa hular zinariya mai siffar kan dabino. Sauran ƙananan kayan sun haɗa da asake na zinariya da na jan ƙarfe, da tasoshin zinariya, da tulunan mai na alabasta, da akwati mai ɗauke da mundayen azurfa 20, kowace an dasa mata siffar malam-buɗe-littafi da duwatsu masu launi.

Jigo

Idan mutum ya jera waɗannan kaya a zuciyarsa ya tambayi abin da ya haɗa su, zai ga duk magana ɗaya suke yi, watau raba jikin mace guda da ƙasa da kuma idon jama'a. Idan ta kwanta zaki ne ke ɗauke da ita. Idan ta zauna, haka. Idan za ta fita, kafaɗun mutane ne hanyarta. Idan dare ya yi, ga ɗaki cikin ɗaki, a saki labule a kanta. Wannan shi ne jigon: ɗaukaka, a ma'anarta ta asali ta ɗaga abu sama.

Amma ɗaukakar ta wace ce? A nan ne rubutun da ke jikin kayan ya zama abin lura. Rumfar da take kwana a ciki sunan Sineferu ke jikinta, babu nata. Kujerar ɗauka kuwa ita ke ɗauke da sunanta da laƙabobinta, an yanko haruffan daga zinariya ɗaya bayan ɗaya, an dasa su a cikin baƙin katako. Ma'anar rubutun, a taƙaice, ita ce: uwar sarkin Masar ta Kudu da ta Arewa, mabiyiyar Horus, mai yi wa mai mulki jagora, wadda duk abin da ta faɗa sai an yi mata, 'yar abin bauta ta cikinsa, Hetefheres. Ɗalibin Hausa ba ya bukatar a gaya masa cewa wannan kirari ne. Yana da duk alamomin kirari, ga jeranta laƙabi kan laƙabi, ga jingina mutum da manyansa, ga ajiye suna sai a ƙarshe bayan an gama share masa fage.

Da yake rubutun ya kira ta uwar sarki, an yi kujerar ne bayan ɗanta ya hau mulki. Ashe ke nan kayan ɗakin sun kasu zamani biyu, na lokacin Sineferu da na lokacin Khufu, kuma a kowane zamani da sunan wani namiji ake auna ta. Abin mamaki ma, a cikin kayan ba a sami inda aka kira ta matar sarki ba. Aurenta da Sineferu masana ne suka ciro shi daga ganin sunansa a jikin rumfa da akwati. A duk kirarin, gaɓa biyu ne suka yi maganar abin da ita kanta take yi, watau jagorancin mai mulki da kuma cewa maganarta ba ta faɗuwa ƙasa. A ganina nan ne zuciyar jigon take. Iko ne na cikin gida, wanda ba a naɗa masa rawani, amma mai rawanin ma yana sauraronsa.

Sai mu dubi inda aka sa rubutun. Sau huɗu aka maimaita shi a jikin majinginar kujerar, sau ɗaya a gaba, a kwance, sau uku a baya, a tsaye. Na gaban jikinta zai rufe shi da zarar ta zauna. Na bayan kuwa yana fuskantar masu biye da ita. Watau an rubuta kirarin ne domin 'yan rakiya, kamar yadda maroƙi ba ya yi wa sarki kirari don ya sanar da shi sunansa, sai don jama'a su ji. Wanda ya tsara wannan kujera ya san inda idon mutane zai kasance.

Akwai wani ƙaramin jigo da ke ɓoye a cikin kayan aikin kansu. Shuɗin dutsen da ke jikin mundayen asalinsa daga Badakshan ne a ƙasar Afganistan ta yau. Mai ruwan kore-kore daga Sina'i ake haƙo shi, inda har an sassaƙa hoton Sineferu a jikin duwatsun Wadi Magara. Azurfar kuwa, wadda a Masar ta wancan zamani ta fi zinariya wuyar samu, wani bincike da Karin Sowada ta Jami'ar Macquarie da abokan aikinta suka buga a 2023 ya nuna alamar daga tsibiran Girka ta fito. Tarihin sarakuna da ke rubuce a kan Dutsen Palermo ya ambaci jiragen ruwa 40 cike da katakon al'ul da aka kawo a zamanin Sineferu. Mace ɗaya ta ɗaga hannu, sai ga fataucin ƙasashe da yawa a wuyan hannunta. Wannan ma magana ce, kuma 'yan fada na lokacin sun fi mu jin ta.

Salo

Kusan duk wanda ya yi rubutu a kan waɗannan kaya ya yabi sauƙin adonsu, kuma galibi da kayan Tutankamun ake gwada su. Dalili a fili yake. A 1922 Howard Carter ya gano kabarin Tutankamun, shekara uku kacal kafin na Hetefheres, duniya kuma ta cika da labarinsa. Tsakanin mutanen biyu akwai fiye da shekara 1,200. Karagar zinariya ta Tutankamun babu inda aka bari fili a jikinta, ga kawunan zaki, ga macizai masu fukafukai, ga sarki da matarsa, ga rana mai hannuwa, ga launi iri-iri. Kujerar Hetefheres ta farko kuwa ado ɗaya aka yi mata, tsiro uku a ɗaure, aka bar sauran ga miƙaƙƙen layi da hasken zinariya.

Na yarda da wannan yabo har zuwa wani matsayi. Gwanintar mai kujerar ita ce adon nasa yana aiki. Tsiron nan uku su ne suka cike gurbin da ke tsakanin hannu da mazauni, suka tallafi hannun, ga kuma iska tana ratsawa. Idan ka cire su kujerar ta raunana, ba kyanta kaɗai ya ragu ba. Haka zanen saƙar tabarma da aka buga a kan zinariyar rumfa da gefunan kujerar ɗauka. Maƙerin ya ɗauki abu mafi tsada ya sa shi ya kwaikwayi abu mafi araha, yana tuna wa mai kallo cewa asalin wannan ɗaki rumfar kara da tabarma ce irin ta kakanni. A waƙa da mun ce mawaƙin ya yi amfani da tsohuwar kalma a sabon muhalli.

Mundayen su ma abin a yaba ne. Malam-buɗe-littafi ba shi cikin manyan alamomin sarauta irin su shaho da maciji. An zaɓe shi ne, a ganina, don fukafukansa a buɗe sun dace da zagayen munduwa, huɗu a kowace, da ɗan jan dutse a tsakani kamar aya. An kuma yi mundayen girma-girma, daga ƙarama zuwa babba, yadda za su hau hannu tun daga wuya har kusa da gwiwa.

Ba za a rasa abin kushewa ba. Kujerar farko mazauninta ya yi zurfi, hannuwanta sun yi tsayi, wanda ya zauna babu tulin matasai sai ya nutse a ciki. Kujera ce ta a gan ka, jin daɗin zama yana biye. Ƙafar zaki a ƙarƙashin gado ma ba sabon tunani ba ne, gado ne masassaƙin ya tarar, domin tun gidajen sarauta na farko Misirawa ke yi wa gado ƙafar dabba, da ta sa suka fara. Wanda yake neman sabon abu a cikin waɗannan kaya, a mahaɗan rumfa da haruffan kujerar ɗauka zai same shi. Haruffan nan ƙanana ne ƙwarai, amma tsuntsun da ke ciki ana iya ƙirga gashinsa. A nan ne na ga hannun gwani ya kai matuƙa, kuma da za a ce in zaɓi abu ɗaya daga cikin kayan, kujerar ɗauka zan ɗauka.

Hannu Biyu a Aiki Ɗaya

To, a nan ne nake son mu yi hattara da yabon sauƙin ado. Mun riga mun faɗa cewa katakon ya ruɓe. Ashe ke nan abin da mai ziyara yake gani a gidan tarihi, zinariyar ce ta zamanin Khufu, katakon da ke ciki na ƙarni na 20 ne. William Stewart da Bernard Rice da kuma gwanin gyaran kayan tarihi na Masar, Ahmed Youssef, su ne suka shafe shekaru suna auna fallayen zinariya, suna sassaƙa sabon katako daidai da su, suna mayar da gutsattsarin ado ɗaya ɗaya bisa ga zane da hotunan da aka yi a cikin kabarin. Sun kuma sami taimako daga hotunan da ke bangon kabarin Meresank ta Uku, jikar Khufu, wanda Reisner ya gano a Giza a 1927, inda aka zana irin wannan gado a cikin rumfarsa da irin wannan kujerar ɗauka.

Mu da muke nazarin tsofaffin waƙoƙi na ajami mun san wannan matsala. Takarda ta tsufa, gara ta ci wani baiti, sai mai tacewa ya dubi amsa-amo da karin waƙar ya cike gurbin. Idan mai gaskiya ne zai sa alama ya ce nan nawa ne. Idan aka sake bugawa sau biyu sau uku, alamar takan ɓace, ɗalibi ya haddace baitin mai tacewa a matsayin na mawaƙi. Masu gyaran kayan Hetefheres sun rubuta abin da suka yi dalla-dalla, kuma an buga shi a littafin da William Stevenson Smith ya kammala ya fitar a 1955, bayan rasuwar Reisner a 1942. Amma mai kallo ta bayan gilashi ba ya ganin wannan alama. Yana ganin fallen katako sumul a majinginar kujera, sai ya ce dubi sauƙin kai irin na mutanen da, alhali kuwa wannan fallen sabo ne. Labulen rumfa babu, matasai babu, shimfiɗar gado babu. Ƙashin ɗakin muke gani, muna yaba masa rashin ƙiba.

Babbar hujja ita ce kujera ta biyu. Ita wannan ta ragargaje ƙwarai, har masu gyaran farko suka bar ta a zane kawai. Sai a 2016 wata ƙungiya a Jami'ar Harvard, ƙarƙashin Peter Der Manuelian, ta ƙera kwafinta da katakon al'ul da zinariya da tangaran, da taimakon kwamfuta da injin sassaƙa. Da ta fito sai ga kujera cike da ado, shaho ya buɗe fukafukai a ƙarƙashin kowane hannu yana tsaye a kan ginshiƙin dabino, majinginar kuma an cika ta da alamomin abar bautarsu Neit da gutsattsarin tangaran masu launi. Wannan kujera da waccan a ɗaki ɗaya aka same su, mace ɗaya ce mai su. Ashe shekara 90 ana yanke wa salon fadar Khufu hukunci alhali shaida mafi ado tana kwance a cikin tire. Abin da ya fi sauƙin ado shi ya fi sauƙin gyara, shi aka fara gyarawa, shi duniya ta fara gani. Saboda haka abin da ya dace a ce shi ne, masu sana'ar nan sun iya kamewa, sun kuma iya sakin hannu, suna duban abin da kowane aiki yake bukata.

Labarin Reisner

Saura tambayar da kowa ke yi: ina gawar? Reisner ya ba da amsa da labari mai daɗin ji. Ya ce an fara binne uwar sarki a Dahshur kusa da dalar mijinta, ɓarayi suka fasa kabarin suka lalata gawar don kwashe adonta, sai waziri Hemiyunu ya ji tsoron gaya wa Khufu gaskiya, ya sa aka kwaso kayan a asirce aka sake binne su a Giza da akwati babu kowa, sarki bai sani ba. Hujjojinsa su ne, akwai alamar ɓamɓara a bakin murfin akwatin, kayan a cakuɗe suke kamar an yi gaggawa, kuma babu wani gini a bisa ramin.

A matsayin ƙagaggen labari babu abin da ya rasa, ga ɓarayi, ga waziri mai wayo, ga sarkin da aka rufe, ga asiri. A matsayin tarihi kuwa yana da rauni babba, domin ba a taɓa gano wancan kabari na Dahshur ba, kuma babu wani rubutu na zamanin da ya ambaci fashin ko ya sa sunan Hemiyunu a cikinsa. A 1985 Mark Lehner ya kawo wata fassara, cewa nan ne aka fara binne ta, daga baya da tsarin gine-ginen Khufu ya sauya aka ɗauke gawar zuwa ɗaya daga cikin ƙananan dalolin da ke gefen babbar, aka bar tsofaffin kayan a inda suke. Zahi Hawass ya juya maganar, ya ce a ƙaramar dalar aka binne ta, bayan an yi mata ɓarna aka kwashe kayan zuwa ramin. A shekara ta 2000 Hans-Hubertus Münch ya ce wataƙila ma ramin ba kabari ba ne, ma'ajiyar kayan jana'iza ce tun asali.

Ba nufina in raba wannan gardama ba. Abin da nake so ɗalibi ya lura da shi shi ne yadda labari mai daɗi yake danne shaida. Na Reisner ya fi sauran yaɗuwa don ya fi su armashi, har ya kai ana maimaita shi kamar wani ya gani da idonsa. Illar wannan ga kayan ita ce, mai kallo yakan zo yana neman ɓarawo da waziri, ya wuce mahaɗar jan ƙarfe bai dube ta ba. Reisner ya cancanci yabo babba a kan haƙurin da ya yi a cikin ramin, don ba domin rubuce-rubucensa ba da babu wanda zai iya mayar da ko ƙafar kujera ɗaya, kuma da su ne ma masu sukar sa suka sami abin kafa hujja. Amma shaidar da ya tara daban, labarin da ya ɗora a kanta daban.

Kammalawa

Kayan sun daɗe a Gidan Tarihin Masar da ke dandalin Tahrir a Alƙahira, daga baya aka mayar da su sabon Babban Gidan Tarihin Masar da ke kusa da dalolin Giza, wanda aka yi bikin buɗe shi a watan Nuwamba na 2025. A Boston akwai kwafin waɗansu daga cikinsu.

Hukuncina a taƙaice shi ne, jigon kayan ɗaya ne kuma bai karkace ba, watau ɗaukakar uwar sarki. Salonsu ya fi faɗi a kan yadda aka saba faɗa, ya haɗa kamewa da sakin hannu. Nassin da ke gabanmu kuwa tataccen nassi ne, hannu biyu suka yi shi, tsakaninsu shekara 4,500, kuma wajibi ne mai sharhi ya san inda na farko ya tsaya na biyu ya ɗora.

Abu ɗaya ya rage. A jikin kayan akwai sunan Sineferu, akwai na Hetefheres, a kan hatimin laka da aka samu a ɗakin akwai na Khufu. Masassaƙin da ya fere mahaɗan rumfa da maƙerin da ya yanko haruffan zinariya babu sunan ko ɗayansu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A zamaninmu ma an so a maimaita haka, don an daɗe ana cewa Reisner ya gano kabarin, alhali yana wata nahiya a ranar, kuma ma'aikatan da suka kwashe duwatsun mita 27 Misirawa ne, shugabanninsu mutanen garin Kuft, waɗanda har littafin aikin yau da kullum suke rubutawa da Larabci. Na mutanen da, sunansu ya riga ya ɓace. Na baya kuwa yana nan a rubuce, saura a riƙa faɗarsa. Nan zan dasa aya, in bar fage ga wanda yake da wani ra'ayi ya kawo shi a fitowa ta gaba.